Kowane falle da agogonsa: littafin aikin manhajar koyon rubutu

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Ga inda aikin yake. Manhaja ce ta iPad don yara masu koyon rubuta haruffan boko, har da masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Yaro ya taɓa harafi, harafin ya rubuta kansa zane bayan zane, bakin alƙalami yana bin layin, a ƙarshe hoton wata kalma ya fito, murya ta ce "ƙofa". Fallaye biyar ne a kan juna: takarda mai layi a ƙasa, inuwar harafin, zanukan harafin kowanne a nasa falle, bakin alƙalamin, sai hoton kalmar a sama.

Samfurin farko na gwaji ne, an jera motsin da ƙidayar jira: fara wannan, jira rabin sakan, fara wancan. Hajiya mai aikin ta gani ta ce, "Injiniya, ya yi kyau, amma yaro ba ya koyo da wannan gudun." Abu uku take so. A iya tsayar da rubutun a tsakiya, a iya rage masa gudu, a kuma samu sandar ja a ƙasa wadda malama za ta riƙa kai rubutun gaba da baya da yatsa. Ƙidayar jira ba za ta iya ko ɗaya ba, don da zarar ka saki ƙidaya ta tafi ke nan, ba ta san an tsayar da hoto ba. Za a sake gina motsin a kan tsarin lokaci na Core Animation kansa, wato sashen Apple da ke motsa abubuwa a fuskar na'ura.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Karatu na yi, ban rubuta komai ba. Core Animation ba sabon abu ba ne, tun 2007 ya fito tare da Mac OS X Leopard da iPhone na farko, kuma tsarin lokacinsa bai sauya ba. Duk yana cikin wata yarjejeniya mai suna CAMediaTiming, wadda abubuwa biyu suke bi: motsin kansa, da kuma fallen da aka ɗora motsin a kai. Wannan na biyun ne mutane ba su cika lura da shi ba. Falle ma yana da nasa sauri da nasa mafari.

Kowane falle yana da agogo, amma ba mai zaman kansa ba ne, daga agogon uwarsa, wato fallen da yake zaune a cikinsa, ake lissafa shi:

lokacin falle = (lokacin uwa − mafari) × sauri + ƙari

Mafari shi ne beginTime, sauri shi ne speed, ƙari shi ne timeOffset. A can saman bishiyar akwai agogon na'ura, wanda CACurrentMediaTime yake bayarwa: sakan nawa na'urar ta yi a farke tun da aka kunna ta. Ba ruwansa da ƙarfe nawa ne a gari. Idan ba ka taɓa komai ba, mafari sifili ne, sauri 1, ƙari sifili, don haka kowane falle yana karanta lokaci ɗaya da na'ura, shi ya sa mutum zai iya shekaru yana aiki bai san akwai agogo fiye da ɗaya ba.

Tunda lissafin yana gangarowa daga uwa zuwa ɗa, sauri ninkuwa yake yi. Uwa mai sauri 2, ɗa mai sauri 2, motsin ɗan zai tafi ninki huɗu. Uwa mai sauri sifili, duk zuri'arta sun daskare, ko su nawa ne. To, ga mafita: in tattara fallayen harafi duka a ƙarƙashin uwa ɗaya, in daina taɓa lokacin kowa sai nata. Maɓallai da sandar ja su zauna a wajenta, kada su daskare tare da rubutun.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na jera zanukan Ƙ babba. Kowane zane falle ne na CAShapeLayer, kuma abin da ke motsi shi ne strokeEnd, daga 0 zuwa 1, wato kashi nawa na layin aka zana. Sandar tsaye sakan 1.2, hannun sama da lanƙwasarsa 0.6, ƙafar ƙasa 0.7, da ɗan numfashi tsakaninsu.

Wuri biyu ne ake tuntuɓe a nan.

Na farko, mafarin motsi ba "jinkiri" ba ne, lokaci ne a agogon fallen. Idan agogon yana karanta 5000 ka rubuta mafari 1.5 da nufin a jira sakan ɗaya da rabi, ka ce masa motsin ya fara tun kusan sakan dubu biyar da suka wuce, ya kuma gama. Ba za ka ga komai ba, ba kuma za a yi maka gargaɗi ba. Sai dai a cikin CAAnimationGroup, inda mafarin 'ya'ya yake ƙirguwa daga farkon rukunin. Rukunin ma da halinsa: ba ya miƙa ko matse 'ya'yansa su dace da tsawonsa, datse su yake yi. Idan ka manta ba ka ba shi tsawo ba, zai ɗauki sakan 0.25, sai komai ya yi walƙiya ya ɓace.

Na biyu, abin da ake gani kafin motsi ya fara da bayan ya ƙare. Motsi ba ya sauya darajar fallen ta ainihi. Akwai falle na asali, wanda kod yake rubutawa, akwai kuma kwafinsa na nuni, wanda yake bin motsin. Da motsi ya ƙare, ido ya koma kan na asali. Yawancin amsoshin da ke yawo a intanet cewa suke ka sa fillMode, saitin abin da ake nunawa kafin motsi da bayansa, ya zama forwards ka hana a cire motsin. Yana aiki a ido, amma ya bar maka falle mai faɗin abu ɗaya yana nuna wani. Na bi ta ɗaya hanyar: darajar asali 1 ce tun farko, wato harafin a rubuce yake, sai na sa fillMode ya zama backwards, don zanen da layinsa bai zo ba ya riƙe darajar farko, sifili, har lokacinsa ya yi. Ba tare da wannan ba, ƙafar Ƙ tana zaune a fuska tun kafin a zana sandar, ta ɓace idan lokacinta ya zo, sannan ta sake zanuwa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Yau ce ranar da ta biya kuɗin karatun ranar Alhamis.

Apple yana da wata tsohuwar takardar tambaya da amsa da ke nuna yadda ake tsayar da motsi a ci gaba: karanta lokacin fallen, sa sauri sifili, ajiye lokacin a ƙari, wajen ci gaba a mayar da sauri 1, a share ƙari, a lissafa tsawon tsayuwar a zuba shi a mafari. Kowa shi yake kwafa. Yana aiki muddin sauri biyu kawai kake da su, sifili da ɗaya. Da ka kawo rabin gudu sai ya karye.

Ga dalili, da lambobi. A ce agogon na'ura yana 5000 na fara rubutun: mafari 5000, ƙari sifili, sauri 1. A 5002 agogon uwar yana karanta 2. Malama ta danna rabin gudu, na sauya sauri kawai zuwa 0.5. Lissafi ya zama 2 sau 0.5, wato 1. Rubutun ya yi tsalle baya da sakan guda. Saurin ba daga yanzu yake fara aiki ba, duk lokacin da ya wuce tun mafari yake ninkawa. Idan kuwa mafarin sifili ne yadda ya zo, abin ya fi muni: 5002 ya koma 2501, motsin duka suna can gaba da minti arba'in da wani abu, fuska ta zama wayam.

Maganin shi ne a dasa sabon turke a duk lokacin da za a taɓa sauri. Karanta lokacin uwar na yanzu, 2, ka sa shi a ƙari. Karanta lokacin na'ura, 5002, ka sa shi a mafari. Sannan ka sa sabon sauri. A take lissafi ya ba da sifili sau 0.5 a tara da 2, wato 2, babu tsalle. A 5004 zai ba da 3, daidai rabin gudu.

Da na rubuta wannan sai na ga ba na buƙatar komai bayansa. Aiki ɗaya ne mai karɓar abu biyu: wane lokaci, da wane sauri. Tsayarwa: lokacin yanzu, sauri sifili. Ci gaba: lokacin yanzu, saurin da aka zaɓa. Rage gudu: lokacin yanzu, 0.5. Komawa farko: sifili, sauri 1. Sandar ja: lokacin da yatsa ya nuna, sauri sifili. Maɓallai biyar, layi uku na kod. Na goge fayil guda da aka rubuta don samfurin farko, ban kuma ji kewarsa ba.

Ƙa'ida ɗaya: a karanta lokacin kafin a taɓa ko ɗaya daga cikin ukun. Ana karanta shi da convertTime, kuma amsarsa tana sauyawa da zarar ka motsa sauri ko mafari.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Sandar ja ta fara aiki, ta kuma fito da abubuwa biyu.

Idan aka ja har ƙarshe aka dawo baya, harafin yana tsaye cikakke, ba ya warwarewa. Tsarin yana cire motsi da zarar agogo ya wuce ƙarshensa, ba ruwansa da cewa yatsa ne ya tura agogon. A nan hana cirewa ya zama dole, isRemovedOnCompletion ya koma false a kan kowane zane. Bambancinsa da dabarar da na ƙi ranar 11 shi ne darajar asali tana nan daidai. Ina riƙe motsin ne don a iya komawa cikinsa, ba don ya rufe wata ƙarya ba. Sai dai yanzu cirewa ta zama aikina, duk lokacin da aka sauya harafi.

Na biyun ya fi ɓoyuwa. Mafari sifili ba ya nufin sifili, yana nufin "yanzu". Idan ka ɗora motsi da mafari 0, tsarin zai maye gurbinsa da lokacin da agogon fallen yake karantawa a lokacin ɗorawar. Idan an bar sandar a sakan 2 aka sake gina harafin, misali bayan an juya iPad ɗin, zanen farko zai fara daga 2 yayin da sauran suke inda suke, sai sandar Ƙ ta zo bayan hannunta. Masu haɗa bidiyo sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa AVFoundation, sashen Apple na sauti da bidiyo, yake da AVCoreAnimationBeginTimeAtZero, wata lamba ƙanƙanuwa da ta ɗara sifili da abin da ba ya aunuwa. Ita na sa.

Wani abu da na gwada don sha'awa: timeOffset a kan motsi, ba a kan falle ba. Ba tsallake farko yake yi ba, zagayowa yake. Motsi na sakan ɗaya mai ƙari 0.5 zai fara daga tsakiya, ya kai ƙarshe, ya dawo farko ya cika rabin da ya bari. Ba shi da amfani ga rubutu, amma ya yi daidai da ɗigo ukun da ke bugawa yayin jiran sauti: motsi ɗaya mai maimaituwa, kowane ɗigo da nasa ƙari.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Bakin alƙalami ya cinye mako. A zane miƙaƙƙe yana tafiya tare da tawada, amma a ɗ da ɓ, inda akwai ciki mai zagaye da lanƙwasa a sama, sai ya wuce tawadar ko ta bar shi a baya. A cikakken gudu da ƙyar ake gani. A rabin gudu ko yaro zai gani.

Agogonsu ɗaya, awonsu ne ya bambanta. strokeEnd da tsawon layi yake aiki: 0.5 rabin nisa ne. Shi kuwa motsin da ke bin hanya, CAKeyframeAnimation, idan an bar shi yadda ya zo, raba lokaci yake yi daidai tsakanin gaɓoɓin hanyar, doguwa da gajeruwa kowacce kaso ɗaya. Sandar ɗ gaɓa ɗaya ce doguwa, cikinta gaɓoɓi huɗu ne gajeru, don haka alƙalamin yana tsere a sandar ya yi rarrafe a cikin. Sa calculationMode ya zama paced ya daidaita su.

Sai maganar lanƙwasar gudu. Na fara da easeInEaseOut, wadda maki huɗunta su ne 0.42, 0, 0.58, 1: a hankali, da sauri, a hankali. Malama da ke duba mana darussa ta kalla ta ce, "Ɗana, hannu ba ya tafiya haka. Wajen lanƙwasa ake rage gudu, ba wajen farawa ba." Gaskiyarta. Wannan lanƙwasar an yi ta ne don taga mai buɗewa, ba don alƙalami ba. Yanzu na raba kowane zane gida-gida da keyTimes, wurin lanƙwasa ya sami lokaci fiye da rabonsa na tsawo. Matsalar ita ce paced yana watsar da keyTimes. Don haka na auna maki a kan layin tun farko, tazara ɗaya tsakaninsu, na ba tawada da alƙalami jerin lokuta iri ɗaya. Ya fi aiki, amma yanzu ba yadda za su rabu.

Gobe ake sa ran ɗaukar azumi, aikin zai koma na bayan asuba.

Lahadi, 9 ga Maris

Murya. Malama ta naɗi sunayen haruffa da kalmominsu, kuma sauti ba ya ƙarƙashin uwar falle, nasa agogon daban. Na duba AVSynchronizedLayer, wanda yake ɗaure agogon falle da na abin da ake kunnawa, sauti ya zama jagora hoto ya bi. Da waƙa muke yi da shi zan ɗauka. Amma a nan idan an rage gudun rubutu ba ma son muryar ta ja kamar kaset ɗin da batir ya yi wa sanyi. "Ƙofa" dole ta fito yadda ake faɗinta, ko da alƙalamin rarrafe yake.

Don haka murya ba ta cikin jerin lokaci, alama ce a kansa. Ba na dogara da saƙon ƙarewar motsi, don 'ya'yan rukuni ba sa aiko shi, kuma jan sanda yana rikita ma'anar "ƙarewa". CADisplayLink nake amfani da shi: a kowane firam, wato duk sabuntawar fuska, in karanta agogon uwar, in kwatanta da karatun da ya gabata. Idan an ƙetare alama, ana tafiya gaba, kuma sauri ya fi sifili, a kunna murya. Idan yatsa ne ke ja, shiru. In ba haka ba yaro zai gano cewa kai-komo a kan alamar yana sa Malama ta yi ta "ƙo-ƙo-ƙo", darasi ya tashi.

Wannan karatun shi ne kuma yake motsa kan sandar ja yayin da rubutu ke tafiya. Ban ƙirga firam ba ko kaɗan. iPad na gama-gari yana sabunta fuska sau 60 a sakan, kusan milisakan 16.7 kowane firam. iPad Pro tun na 2017 yana kaiwa 120, milisakan 8.3, kuma yana sauka ƙasa idan ya ga dama. Duk abin da aka gina a kan "ƙara kaza a kowane firam" zai yi gudu biyu a na'urori biyu.

Da na'urar kunne ta Bluetooth muryar tana makara kaɗan. AVAudioSession yana ba da ƙiyasin jinkirin a outputLatency, na matsar da alamar baya, don muryar ta fara da wuri, da wannan adadin sau saurin da ake kai.

Alhamis, 20 ga Maris

Gajeren rahoto. Idan aka fita daga manhajar a tsakiyar harafi aka dawo, agogon na'ura ya ci gaba da tafiya, harafin ya gama kansa babu mai kallo. Idan kuwa na'urar barci ta yi sosai, agogon tsayawa yake. Hali biyu ke nan da ba na son dogara da ko ɗaya. Yanzu da manhaja ta bar gaba sai a kira aikin nan da sauri sifili, idan an dawo a bar shi a tsaye har yaro ya danna.

Na kuma saurari saitin rage motsi na masu larurar jiri. Idan a kunne yake, hoton kalmar ba ya tsalle, bayyana kawai yake. Rubutun kansa na bar shi, shi ne darasin.

Dabarar gwaji: sa saurin fallen taga gaba ɗaya ya zama 0.1 a kan iPad na gaske. Da saurin uwar 0.5 ya ninku ya zama 0.05, a nan na ga wani firam guda da bakin alƙalami yake leƙowa a kusurwar hagu kafin zane na biyu. Shi ma backwards ya rasa.

Laraba, 9 ga Afrilu

An dawo daga hutun Sallah. Haruffa manya sun kammala, ƙanana saura ƴ da g, waɗanda wutsiyarsu ke sauka ƙasan layi.

Hajiya ta kawo maganar da na san tana tafe: 'yan'uwanta na Kano da Zinder ba iPad ke hannunsu ba, Tecno ne da Infinix da itel. Android ba shi da wannan bishiyar agogo, ba za ka tsayar da uwa 'ya'ya su daskare ba. Akwai AnimatorSet mai setCurrentPlayTime, amma sai daga Android 8 ya samu. Akwai kuma saitin da ke kashe motsi gaba ɗaya, wanda wasu suke kunnawa don waya ta yi sauƙi. Idan yana kunne, ValueAnimator tsalle yake yi kai tsaye zuwa ƙarshe, yaro ya taɓa harafi ya gan shi a rubuce. A burauza abin ya fi kusa: kowane motsi yana da currentTime da playbackRate, kuma sauya na biyun ba ya sa tsalle, burauzar ce take dasa turken da kanta. Sai dai kowane motsi nasa daban, babu uwa.

Abin da na tsayar: a Android zan riƙe lambobin nan uku da kaina, mafari, sauri da ƙari, in karɓi bugun firam daga Choreographer, in lissafa lokaci ɗaya, kowane zane ya ciro kasonsa daga ciki. Jerin maki da lokutan da na auna don alƙalami za su tafi yadda suke, don lambobi ne zalla a fayil. Abin da zan fara aunawa shi ne ko ƙaramar itel za ta iya sake zana layukan a kowane firam ba tare da ta yi tsalle ba, tunda a can manhajar ce za ta ɗauki nauyin da a iPad wani sashe na tsarin yake ɗauka. An yi alkawarin aro mini guda ranar Asabar.